Tsibirin Teku da Tsibirin Dutse: Kimiyyar Wasa da Shaƙatawa a Ƙasar Zafi

Gabatarwa

A kowace shekara, da zarar sanyi ya sauka a ƙasashen Turai, dubban mutane sukan ɗaure kayansu su nufi tsibiran da ke cikin tekuna masu ɗumi domin hutu. A can sukan yi iyo, su buga ƙwallo a kan rairayi, su hau duwatsu, su yi zamiya a kan ruwa. Ɗalibin da ke Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa, a kudancin Jihar Katsina, zai iya ɗauka cewa wannan labari ne na wata duniya daban. Amma shi ma yana buga ƙwallo a filin makaranta, yana kokawa da langa a dandali, yana hawan dutsen bayan gari, yana kuma faɗawa kududdufi ko dam in zafi ya matsa. Dokokin kimiyyar da ke tafiyar da wasan baƙon tsibiri su ne ke tafiyar da nasa. Bambancin kawai shi ne yadda zafi ke kai-kawo tsakanin ruwa da dutse da iska da jikin ɗan Adam a wuraren biyu. Wanda ya fahimci wannan kai-kawo zai san lokacin da ya dace ya yi wasa, da wurin da ya dace, da abin da zai kiyaye. Wanda ya jahilce shi kuwa yana iya zuwa neman nishaɗi ya dawo da cuta, wani ma ba ya dawowa.

Tsibirin Sal da Baƙinsa

Domin kwatance, za a ɗauki tsibirin Sal na ƙasar Cape Verde, wadda ke cikin Tekun Atalantika, yamma da Senegal. Ƙasar tsibirai goma ce, ta sami mulkin kai daga Fotigal a 1975. Shi Sal ƙaramin tsibiri ne shimfiɗaɗɗe, tsawonsa kimanin kilomita 30, faɗinsa kimanin kilomita 12, kuma ruwan sama kaɗan yake samu. Sunansa ma a harshen Fotigal yana nufin gishiri, saboda sana'ar da aka fara saninsa da ita ke nan.

Yawancin baƙi a garin Santa Maria suke sauka, a kudancin tsibirin. Wasu sukan yi nutso su kalli kifaye, wasu su fita kamun kifi a kwalekwale, wasu kuma su tsaya a kan wani ɗan allo, wata ƙatuwar lema mai kama iska tana jan su a saman ruwa. A wurin da ake kira Pedra de Lume akwai tafkin gishiri a cikin bakin wani tsohon dutse mai aman wuta, inda mutum kan kwanta a kan ruwa bai nutse ba. Daga watan Yuni zuwa Oktoba kunkurun teku kan fito da dare ya yi ƙwai a rairayi, ana kai baƙi kallo. A wannan tsibiri ne aka yi Wasannin Gaɓar Teku na Afirka na farko, a watan Yunin 2019.

Abin lura a nan shi ne, Sal yana da nisan kimanin kilomita 600 daga gaɓar Afirka, ruwa ya kewaye shi ta ko'ina. Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa kuwa sun yi nisan fiye da kilomita 600 daga teku, ƙasa ta kewaye su ta ko'ina. Daga wannan ne kusan duk sauran bambance-bambancen suka taso.

Ruwa Mai Jinkiri, Dutse Mai Gaggawa

Masana kimiyya suna auna zafi da ma'aunin da ake kira jul. Domin a ɗaga zafin kilo 1 na ruwa da digiri 1 a ma'aunin Salshiyos, ana bukatar jul kimanin 4,200. Kilo 1 na dutse ko rairayi kuwa jul kimanin 800 ya ishe shi. Wato ke nan ruwa yana shanye zafi ninki biyar na abin da dutse ke shanyewa kafin ya nuna alamar ɗumi. Bugu da ƙari, hasken rana yakan ratsa ruwa zuwa wani zurfi, igiyar ruwa kuma tana gauraya na sama da na ƙasa, alhali a tudu zafin yakan taru ne a 'yar fatar ƙasa ta sama. Saboda haka teku ba ya saurin yin zafi da rana, ba ya kuma saurin hucewa da dare.

Tsibiri yana cin moriyar wannan hali na ruwa. A Sal zafin rana yakan tsaya tsakanin digiri 24 zuwa 31 a yawancin shekara, dare kuma ba ya yin sanyi mai tsanani. Har ila yau, in tudu ya ɗumama da rana, iskar da ke kansa takan yi sauƙi ta tashi sama, sai mai sanyi ta kan teku ta kwararo ta maye gurbinta. Ita ce iskar da mai zaune a bakin teku ke sha da la'asar.

A kudancin Katsina babu wannan garkuwa. A watannin Maris da Afrilu zafin rana yakan kai digiri 38 zuwa 40 a inuwa, a daren hunturu kuwa yakan sauka ƙasa da 15. A rana guda ma ana iya samun tazarar digiri 15 ko fiye tsakanin asuba da azahar. Don haka baƙon tsibiri yana iya wasa kusan kowane lokaci na yini, amma ɗan Faskari dole ya zaɓi sa'a.

Duk da wannan nisa, akwai abin da ya haɗa wuraren biyu, wato iskar arewa maso gabas. Wannan iska, wadda ke kaɗawa daga wajen Nuwamba zuwa Maris, ita ce hunturun ƙasar Hausa, mai ɗebo ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Ita ce kuma ke wucewa ta kan teku ta isa Sal, inda masu zamiya da lema ke jiran ta, domin a waɗannan watanni ne wasansu ya fi armashi. Wani lokaci har hazon yakan kai musu ya rufe sararin samaniya. Iskar da ke fasa leɓen yaro a Sabuwa ita ce ke cika masaukan baƙi a Santa Maria.

Tsibiran Dutse

Duk wanda ya bi hanyar Funtuwa zuwa Gusau, ta Mairuwa da Sheme da 'Yankara, ko ya ratse daga Sheme ya nufi Ƙanƙara, zai ga duwatsu manya da ƙanana sun ɓullo daga shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, wasu sumul kamar an kife ƙwarya, wasu kuma kamar an jibga su wani kan wani. Mafi shahara a kan wannan hanya shi ne Dutsen Kwatarkwashi da ke Jihar Zamfara. A 1900 wani Bajamushe masanin ƙasa mai suna Wilhelm Bornhardt ya raɗa wa irin waɗannan duwatsu suna inselbag, wanda a harshensu yake nufin dutse mai kama da tsibiri, saboda yadda suke tsaye su kaɗai a fili kamar tsibiri a tsakiyar teku. Ashe ke nan wannan yanki ma yana da nasa tsibiran.

Yawancinsu dutsen giranit ne, wanda ya daskare daga narkakken dutse a can ƙarƙashin ƙasa kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce. Da tafiya ta yi tafiya, ruwa ya ruɓar da sassan da ke da tsaga, ya kwashe su, aka bar tsayayyun da suka gagare shi. Mutanen da sun san amfaninsu, shi ya sa tsofaffin garuruwa irin su Pauwa ta ƙasar Ƙanƙara suka kafu a jikin duwatsu domin kariya.

Hawan dutse motsa jiki ne mai kyau ga zuciya da huhu da ƙafafu, amma yana da ƙa'idoji uku da kimiyya ta bayyana. Ta farko ita ce lokaci. Tun da dutse yana saurin ɗaukar zafi, da tsakar ranar bazara fuskarsa takan fi iskar da ke kewaye da ita zafi nesa ba kusa ba, har ta ƙona tafin ƙafa, sa'an nan ta ci gaba da feso zafin har bayan magariba. Lokacin hawa shi ne daga asuba zuwa hantsi. Ta biyu ita ce santsi da ɓarewa. Giranit yakan ɓare falle-falle kamar albasa, don haka fallen da ake gani a manne yana iya zamewa in an taka shi, da damina kuma gansakuka takan mayar da dutsen kamar an shafa masa karkashi. Ta uku ita ce tsawa. Aradu ta fi faɗa wa abin da ya fi tsawo a fili, mutumin da ke tsaye a ƙololuwar dutse kuwa ya zama shi ne abin. Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa, wato kilomita 1 a daƙiƙa 3. In tsakanin ganin walƙiya da jin tsawa bai kai daƙiƙa 30 ba, hadarin yana cikin kilomita 10, sai a sauka nan take a shiga gini ko mota, kada a fake a gindin bishiya. Wannan doka ta shafi filin ƙwallo da bakin ruwa.

Jikin Ɗan Wasa a Cikin Zafi

Jikin mutum yana aiki daidai ne a kan digiri 37. Tsoka kuwa inji ce mai ɓarna: daga cikin ƙarfin da take samu daga abinci, kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari kawai ke zama motsi, sauran duk zafi ne. A ɗauki misalin ɗalibi mai nauyin kilo 50 da ke buga ƙwallo, jikinsa yana haifar da zafi kilojul 1,800 a awa guda. Kilojul 175 sun isa su ɗaga zafin irin wannan jiki da digiri 1. Da a ce babu hanyar fitar da zafin, da a duk minti 6 zai ƙaru da digiri 1, kafin rabin awa ya faɗi.

Hanyar da jiki ya fi dogara da ita ita ce gumi. Fatar mutum tana da ƙananan maɓuɓɓugan gumi tsakanin miliyan 2 zuwa 4. Sai dai ba fitowar gumin ke sanyaya jiki ba, bushewarsa ce. Duk lita 1 ta gumi da ta zama tururi a kan fata takan tafi da zafi kimanin kilojul 2,400. Wannan ita ce hikimar randa da tulu: ruwan da ke tsattsafowa ta jikin yumɓu yana bushewa, yana jan zafin na ciki. Da wannan hikima ce Malam Mohammed Bah Abba na Jihar Jigawa ya yaɗa tukunya cikin tukunya mai adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. A lissafin da ya gabata, ɗalibin yana bukatar kashi uku cikin huɗu na lita ya bushe a jikinsa kowace awa.

A nan ma wuraren biyu sun sha bamban. Iskar tsibiri tana da laima, gumi ba ya saurin bushewa, sai ya riƙa ɗiga a banza, mutum ya jiƙe sharkaf amma bai huce ba. A kudancin Katsina kuwa, daga hunturu zuwa farkon bazara, laimar iska takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, gumi yana bushewa tun kafin a gan shi. Wannan yana sanyaya jiki sosai, amma yana yaudara, domin ɗan wasa yana zubar da lita 1 zuwa 2 a awa bai sani ba. Mafi haɗari shi ne ƙarshen Afrilu da watan Mayu, lokacin da iskar damina ta fara kawo laima alhali zafin bazara bai sauka ba, wato lokacin da ake kukan gumi da zufa dare da rana.

In mutum ya rasa ruwan da ya kai kashi 2 cikin ɗari na nauyinsa, wato lita 1 ga mai kilo 50, ƙarfinsa da natsuwarsa sukan fara raguwa. Alamun farko su ne ƙishirwa, ciwon kai, jiri, ɗaurewar tsoka, da fitsari kaɗan mai duhun launi. Maganin wannan mataki shi ne inuwa da hutu da ruwa. In an yi gumi da yawa ana iya haɗa ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Amma in zafin jiki ya haura digiri 40, mutum ya fara sambatu, ko tangaɗi, ko ya suma, to bugun zafi ne, kuma yana kisa. Sai a kai shi inuwa, a rage masa tufafi, a kwarara masa ruwan sanyi a duk jiki ana yi masa fifita, a garzaya da shi asibiti ana ci gaba da sanyaya shi a hanya. Ba a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki.

Jiki yana sabawa da aiki cikin zafi, amma sabon yana ɗaukar kwana 7 zuwa 14 ana ƙara aikin kaɗan-kaɗan. Wannan ya shafi baƙon da ya sauka tsibiri daga ƙasar sanyi, ya kuma shafi ɗalibin da ya dawo daga dogon hutu aka sa shi tseren mita 1,500 a makon farko. Manyan hukumomin wasanni ma sun yarda da haka. A gasar cin kofin duniya ta 2014 a Birazil aka fara tsayar da wasa a hukumance domin shan ruwa, a karawar Holan da Meziko a birnin Fortaleza, an kuma ɗage gasar 2022 ta Ƙatar zuwa Nuwamba da Disamba saboda zafi. In ƙwararru suna tsayawa su sha ruwa, babu dalilin da malamin wasanni zai hana yaro sha da sunan koya masa juriya. A shekarun da azumi ya faɗo cikin bazara, kamar 2022 da 2023, abin da ya dace shi ne a mayar da wasa mai nauyi bayan buɗa-baki.

Ruwan Gishiri da Ruwan Dam

Tun fiye da shekara 2,000 da suka wuce Arkimidis na ƙasar Girka ya gano cewa duk abin da aka tsoma a ruwa, ruwan yana tura shi sama da ƙarfin da ya yi daidai da nauyin ruwan da ya ture. Lita 1 ta ruwan daɗi kilo 1 ce, ta ruwan teku kuwa kilo 1.025 ce saboda gishiri. Jikin mutum nauyinsa dab yake da na ruwa, don haka wannan ɗan bambanci yana da tasiri: ya fi sauƙi a yi yawo a saman teku da a saman dam. A tafkin Pedra de Lume, inda gishirin ya ninka na teku sau da yawa, ko wanda bai iya iyo ba yakan tsaya a sama.

Teku yana da nasa haɗari, musamman wata igiya mai janye mutum daga gaɓa zuwa ciki, shi ya sa ake kafa tutoci da masu ceto a wuraren wanka. Ruwan kudancin Katsina, kamar Dam ɗin Mairuwa da ke kusa da Funtuwa, da ƙoramu, da kududdufan da aka haƙa wajen ɗibar ƙasar gini ko ta hanya, ba shi da igiya, amma ba shi da tuta ko mai ceto. Ruwan a gurɓace yake, ba a ganin ƙasansa. Kududdufi yakan faɗa zurfi farat ɗaya daga inda yake iya gwiwa. A ƙasa akwai taɓo mai riƙe ƙafa, da saiwoyi, da tsohuwar koma. A dam mai zurfi kuma rana saman ruwan kawai take ɗumamawa, na ƙasa yana nan da sanyinsa, wanda zai iya firgita mai nutso ya shaƙi ruwa. Ƙorama kuwa tana iya cika cikin 'yan mintoci da ruwan da aka yi a wani gari can sama, alhali a inda yara ke wasa ko ɗigo bai sauka ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kimanin 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kuma yara da matasa ne suka fi yawa a ciki. A wannan shekarar ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli ta zama ranar yaƙi da nutsewa. Wanda ke nutsewa ba kasafai yake ihu ba, domin numfashin da zai yi ihun da shi ne yake nema. Sau da yawa kuma wanda ya faɗa domin ceto shi ma yakan tafi, saboda riƙon mai nutsewa ba ya sakuwa. Dabarar da ta fi ita ce a tsaya a tudu a miƙa gora ko sanda, ko a jefa igiya. Jarkar lita 20 da babu komai a ciki, in an rufe bakinta sosai, bisa dokar Arkimidis tana iya tallafar nauyin da ya kusa kilo 20, wanda ya isa ya riƙe kan babban mutum a sama da ruwa.

Tsargiya

Akwai wani haɗari da ruwan teku ya kuɓuta daga gare shi, ruwan daɗi kuwa ke ɗauke da shi, wato tsargiya ko fitsarin jini. A 1851 wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano tsutsar da ke kawo ta a birnin Alƙahira, a 1915 kuma Robert Leiper ya tabbatar da yadda take zagayawa. Mai cutar yakan yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan su shiga jikin wata ƙaramar katantanwa mai suna Bulinus, su hayayyafa, sa'an nan su fito dubbai suna iyo. Da sun haɗu da fatar mutum sai su huda ta su shiga jini, su girma, su zauna a jijiyoyin mafitsara suna zuba ƙwai. Ƙwan ne ke raunata mafitsara har jini ya fito. Wannan katantanwa ba ta rayuwa a ruwan gishiri.

Cutar ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. A shekarun 1970 masu bincike daga Makarantar Cututtukan Ƙasashen Zafi ta Liverpool da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun yi nazarinta a ƙasar Malumfashi, maƙwabciyar Ƙanƙara, suka gano cewa yara maza masu wanka da iyo da su a dam su ne suka fi ɗauke da ita, su ne kuma suka fi yaɗa ta. Wani abin lura shi ne, 'ya'yan tsutsar sun fi fitowa daga katantanwa da tsakar rana, daidai lokacin da zafi ke kora yara cikin ruwa.

A wasu ƙauyuka akan ɗauki fitsarin jini a matsayin alamar balagar ɗa namiji. Wannan kuskure ne babba. In an bar cutar takan jawo ƙarancin jini da kasala a aji, daga baya ta lalata mafitsara da ƙoda, tana kuma iya kai wa ga sankarar mafitsara. A 2021 mutum fiye da miliyan 250 ne ke bukatar maganinta a duniya, mafi yawansu a Afirka. Maganin, firazikwantel, ƙwaya ce da ma'aikacin lafiya ke bayarwa gwargwadon nauyi ko tsawon yaro, amma ba ya hana sake kamuwa. Rigakafin shi ne a daina fitsari da bahaya a ruwa, a rage shiga ruwan da ke kwance mai ciyayi, ruwan wanka kuma in daga dam aka ɗebo shi a ajiye shi kwana 2 kafin a yi amfani da shi, domin 'ya'yan tsutsar ba sa wuce haka a raye in ba su sami mutum ba.

Hikimar Magabata da Halin Zamani

In aka dubi wasannin gargajiya na Hausawa za a ga cewa an tsara lokutansu daidai da abin da kimiyya ta bayyana. Dambe da kokawa da kaka ake yin su, bayan an kawar da amfanin gona, ga abinci ga sanyin iska, kuma da la'asar sakaliya ko da dare. Langa da wasannin dandali sai farin wata ya fito. Masu farautar rani da asuba suke fita. Kokawa a kan rairayi ake yin ta, domin rairayi yana tsawaita lokacin tsayawar jikin da ya faɗi, ƙarfin bugun ya ragu. Dalilin da ya sa baƙin tsibiri ke son ƙwallon raga a bakin teku ke nan.

Sai dai akwai abin da ya taƙaita fita daji a wannan yanki wanda ba na yanayi ba ne. Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suna cikin ƙananan hukumomin da suka fi shan wahalar 'yan bindiga. A daren 11 ga Disamba, 2020, aka kwashe ɗalibai daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, aka sako 344 a ranar 17 ga watan. Tsibirin Sal ba shi da kogi ko daji ko ƙasar noma ta kirki, amma zaman lafiya ya sa rairayi da iska sun zame masa dukiya. Saboda haka duk wata fitar ɗalibai zuwa dutse ko dam sai da izinin hukumar makaranta da iyaye, da shawarar masu gari da jami'an tsaro, a tafi a ƙungiya a dawo da rana tsaka-tsaki. In hali bai ba da dama ba, filin makaranta ya wadatar.

Gwaji a Makaranta

Malami zai iya nuna wa ɗalibai yawancin abin da aka bayyana da kayan da ba su da tsada. A sami gwangwani biyu iri ɗaya, a zuba busasshen rairayi a ɗaya, ruwa mai nauyi daidai da shi a ɗayan, a ajiye su a rana, a riƙa auna zafinsu duk minti 10 har awa guda, sa'an nan a mayar da su inuwa a ci gaba da aunawa. Zanen da za a fitar zai nuna wanda ya riga ɗaukar zafi da wanda ya riga hucewa. Na biyu, a naɗe kan ma'aunin zafi da jiƙaƙƙen ƙyalle a yi masa fifita, a kwatanta shi da busasshe, a yi haka da hunturu a maimaita da damina. Na uku, a saka ɗanyen ƙwai a kofin ruwa, a riƙa ƙara gishiri ana motsawa har ya taso. Na huɗu, a auna nauyin 'yan wasa kafin wasa da bayansa. Duk kilo 1 da ya ragu, lita 1 ce ta ruwa da jiki ke bin bashi.

Kammalawa

Baƙon tsibiri yana biyan kuɗi mai yawa domin rana da ruwa da dutse da iska, kuma a can an tanadar masa tuta da mai ceto da likita. Ɗalibin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa yana da rana da ruwa da dutse da iska kyauta, amma tutarsa da mai cetonsa shi ne iliminsa. Ya hau dutse da sanyin safiya, ya buga ƙwallo da la'asar da gorar ruwa a gefen fili, ya sauka in hadari ya haɗo, kada ya shiga ruwan da bai san zurfinsa ba, kada kuma ya shiga shi kaɗai, in ya ga jini a fitsari ya nufi asibiti. Malamin da ya tsara jadawalin wasanni bisa waɗannan ƙa'idoji ya koyar da fizis da bayoloji da labarin ƙasa a fili guda, ya kuma mayar wa iyaye 'ya'yansu lafiya.